Mutumin da Ya Bar Cinikin Kwat Ya Kama Zanen Layi Ɗaya

 A wannan mako zan ɗauke ku zuwa birnin New York na ƙasar Amurka, domin mu duba rayuwar wani mutum mai suna Barnett Newman, wanda ya bar sana'ar gidansu ta ɗinka kwat da sayarwa, ya rungumi zanen fenti, zanen ma irin wanda ba a ganin mutum ko dabba ko itace a cikinsa. Mu a nan mukan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma duk wanda ya taso a gidan ciniki ya san irin kallon da akan yi wa yaron da ya ce shi ba zai zauna a shago ba. Saboda haka ina jin labarin wannan bawan Allah ba zai zame mana baƙo ba, ko da yake ƙasarsa da zamaninsa sun yi nisa da namu.

Cikin watan Mayu na 2014 aka yi gwanjon wani zanensa a New York, aka sallama shi a kan dala miliyan 84.2. Abin da ke jikin zanen kuwa shi ne baƙin fenti a gefe guda, da ƙyalle tsura wanda ba a shafa wa kome ba a ɗaya gefen, sai wani siririn baƙin layi da ya ratsa daga sama har ƙasa. Shekara guda kafin nan an sayar da wani nasa, shuɗi mai layi ɗaya a tsakiya, a kan dala miliyan 43.8. Duk wanda ya ji wannan zai ce ai mutumin ya ci riba, ya bar ƙaramin ciniki ya faɗa babba. Alhali kuwa sa'ad da aka yi gwanjon 2014 shi ya shekara 44 a kabari, ko anini bai shiga aljihunsa ba. To, tun da yake ɗan kasuwa ne, ɗan ɗan kasuwa, ya kamata mu yi masa lissafi irin na kasuwa: me ya zuba, shekara nawa kayansa suka yi kwantai, kuma wa ya riƙa ciyar da gida kafin ciniki ya faɗa.

Kafin mu buɗe littafin lissafin, bari in ɗan yi bayanin irin wannan zane, don kada in bar waɗansu a baya. Tun da daɗewa aikin mai zane a ƙasashen Turai shi ne ya kwaikwayi abin da ido yake gani, ko fuskar sarki, ko filin daga, ko jirgin ruwa a bakin teku, ko kwandon 'ya'yan itace a kan tebur. Gwani shi ne wanda zanensa ya fi kama da abin da ya zana. Tsakanin 1910 da 1920 sai waɗansu masu zane, irin su Kandinsky ɗan Rasha da Mondrian ɗan Holan, suka fara cewa launi da layi da faɗin fili sun isa su taɓa zuciyar mai kallo ba tare da sun ari surar kome ba, kamar dai yadda busar algaita take motsa mutum ko da babu waƙa a bayanta. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira zane maras sura a cikin wannan maƙala.

In an duba da kyau, idon Bahaushe ba baƙon wannan al'amari ba ne. Wanda ya tsaya gaban masaƙi yana duban yadda farin zare ya ratsa baƙin saƙi, ko ya ɗaga babbar riga yana duban aikin wuyanta, ba ya tambaya ko hoton wace dabba ce. Abin da yake dubawa shi ne ko layi ya zauna daidai, ko launi ya karɓi launi. Sai dai kada misalin ya kai mu inda bai kamata ba. Aikin riga ado ne, Newman kuwa ya ƙi jinin a kira aikinsa ado. Shi a ganinsa zane magana ce mai nauyi a kan halitta da kaɗaici da mutuwa da matsayin mutum a duniya, kuma a kan wannan da'awa ce aka yi ta jayayya da shi shekara da shekaru.

An haife shi ran 29 ga watan Janairu, 1905, a New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga garin Lomza na ƙasar Polan cikin 1900. Ubansa, Abraham, ya kafa kamfanin ɗinka tufafin maza, ya kuma sami rufin asiri daidai gwargwado. Tun yana makarantar sakandare yaron ya fara zuwa wata makarantar koyon zane da ke cikin birnin, daga nan ya shiga kwalejin birnin New York ya karanta falsafa, ya gama cikin 1927. Da gamawarsa sai ya shiga kamfanin ubansa. Shirin da aka yi mai sauƙi ne, irinsa kuma dubban matasa suke yi har gobe, watau zai yi 'yan shekaru yana ciniki, ya tara abin da zai riƙe shi, sa'an nan ya koma ga zanensa hankali kwance.

Ana cikin haka, a watan Oktoba na 1929, sai kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Bankuna suka yi ta rufewa, masana'antu suka sallami ma'aikata, har ya zamana cikin 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Mutumin da yake neman abin sawa a bakin salati kuwa ba ya tunanin sabon kwat. Ciniki ya ja baya, amma Newman bai gudu ya bar ubansa ba. Ya zauna yana ta fafutukar riƙe kamfanin, yau da dama gobe babu, har 1937, sa'ad da ya tabbata ba sauran dabara, ya sayar da abin da ya rage, aka rufe. 'Yan shekarun da ya yi niyya sun zama goma cur, kuma jarin da ya shiga nema bai fito da shi ba. Masu ba da labarinsa a gurguje sukan ce ya bar kasuwa saboda fasaha, amma gaskiyar magana kasuwar ce ta mutu a hannunsa. Abu na farko ke nan da za mu rubuta a littafin lissafi: shekara goma na ƙuruciya, daga yana da 22 har ya kai 32.

Tun kafin a rufe kamfanin, daga 1931, ya fara koyar da zane a makarantun sakandare na birnin a matsayin malamin riƙon ƙwarya, watau wanda akan kira ranar da malamin aji bai zo ba, a biya shi kuɗin yini. Ya zauna jarrabawar zama cikakken malamin zane fiye da sau ɗaya, yana faɗuwa. Ku duba fa, jama'a, mutumin da yau ake nazarin aikinsa a jami'o'i, masu jarrabawa sun ga bai isa ya koya wa yara zane ba. Cikin 1933 ma har takarar magajin garin New York ya tsaya, ba jam'iyya ba kuɗi, yana neman a buɗe makarantun kiɗa da zane kyauta, a tsabtace iskar gari, a ƙara wuraren shaƙatawa. Bai kuwa ci ba, Fiorello La Guardia ne ya hau kujerar. Amma wannan ya isa ya nuna mana irin halinsa, mutum ne da ba ya jin nauyin tsayawa shi kaɗai a kan abin da ya ga daidai ne.

Mai karatu zai zaci da rufe kamfani sai ya duƙufa ga zane. Ba haka aka yi ba. Wajejen 1940 sai ya ajiye buroshi ɗungum, ya koma nazarin tsuntsaye da tsirrai, yana halartar darussa a lambun tsirrai na Brooklyn da kuma jami'ar Cornell. Daga baya ya bayyana cewa abin da ya tsai da shi ba rashin iya zane ba ne, rashin sanin abin da ya cancanci a zana ne. Duniya tana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ana hallaka mutane miliyoyi, ciki har da Yahudawan ƙasar da iyayensa suka baro. A irin wannan hali, in ji shi, zanen furanni ko na mutum yana kaɗa kayan kiɗa ya zama aikin wofi. Abin da ya rage wa mai zane shi ne ya faro daga tushe, sai ka ce ba a taɓa yin zane a duniya ba. Wannan tunani ya riƙe hannunsa wajen shekara huɗu.

Cikin 1944 ya sake ɗaukar alƙalami, yana 'yan ƙananan zane a takarda masu kama da iri yana tsirowa. Ayyukansa na dā kuwa ya lalata su, don haka kusan duk abin da aka sani nasa a yau daga yana gab da shekara 40 ya fara. A wannan tsakanin ya fi suna wajen rubutu. Ya haɗa kai da wata mai ɗakin nunin zane, Betty Parsons, suka shirya nunin sassaƙen duwatsu na mutanen nahiyar Amurka na kafin zuwan Turawa cikin 1944, da na zanen 'yan asalin gaɓar arewa maso yammacin nahiyar cikin 1946. Abin da yake so a gane shi ne, waɗannan mutane da Turawa suke rainawa sun daɗe da sanin cewa siffa maras sura tana iya ɗaukar tunani da tsoro da girmamawa. Ya kuma riƙa rubuta gabatarwa ga nune-nunen abokansa, irin su Mark Rothko da Adolph Gottlieb da Clyfford Still. Wannan hidima ta jawo masa wata illa da bai hango ba, domin abokan sun saba ganinsa a matsayin sanƙiransu, mai faɗa wa duniya darajarsu, ba su ɗauka shi ma zai nemi wurin zama a fadar ba.

Ran 29 ga watan Janairu, 1948, ranar da ya cika shekara 43, ya ɗauki wani ɗan ƙyallen zane, tsawonsa inci 27, faɗinsa inci 16, ya shafe shi da jan fenti mai duhu irin na jar ƙasa. Sa'an nan ya manna salatef na takarda a tsakiyarsa daga sama har ƙasa, ya laƙaba wa salatef ɗin wani ja mai haske don ya gwada launi. Nufinsa ya ci gaba da aiki, amma da ya ja baya ya duba sai ya kasa ƙara kome. Ya bar shi haka, ya yi wajen wata takwas yana zaune gabansa yana neman ya gane abin da hannunsa ya yi. Daga baya ya raɗa masa suna Onement I, kalmar da take nufin zama abu guda. Zanen yana nan a babban gidan adana zanen zamani na New York, da salatef ɗinsa a jiki.

To, me ya gani a ciki? A zanen da aka saba akwai abu, akwai kuma filin da abin yake tsaye a kai, kamar kuka a tsakiyar gona. Ido yakan tafi ga kukar ya manta gonar. A wannan ɗan zane kuwa layin bai tsaya a gaban filin ba, bai kuma raba shi biyu kamar katanga ba. Shi ne ya sa ido ya ga filin dama da na hagu a lokaci guda, ya ji faɗinsu da nauyin launinsu, har duka abin ya zama guda. Daga baya Newman ya riƙa kiran irin wannan layi zif, sunan abin nan da tela yake sa wa wando, wanda yake haɗa gefe biyu kamar yadda yake raba su. Ni dai duk sa'ad da na tuna sunan nakan ce ɗan mai kamfanin tufafi bai bar gida gaba ɗaya ba. Cikin 1949 ya yi zane 17, ɗaya daga cikinsu baƙin layi ne a kan baƙin fili, ya sa masa suna Abraham. Uban nasa ya rasu tun 1947, bai ga ko ɗaya daga cikin ayyukan da suka sa sunan gidansa ya shiga tarihi ba.

A watan Janairu na 1950, yana gab da cika shekara 45, ya baje kolinsa na farko shi kaɗai a ɗakin nunin Betty Parsons. Masu sharhi waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka yi shiru, zane ɗaya tak aka saya. Cikin 1951 ya sake fitowa, wannan karo da wani ƙaton zane mai suna Vir Heroicus Sublimis, kalmomin Latin masu nufin mutum jarumi maɗaukaki. Tsayinsa wajen ƙafa 8, faɗinsa kusan ƙafa 18, ja ne wur, da siraran layuka biyar a tsaye. Ya liƙa wata 'yar sanarwa a bango yana roƙon masu kallo su matso kusa, kada su ja baya kamar yadda aka saba yi wa babban zane. Dalilinsa shi ne, in mutum ya matso, launin yakan cika masa ido har ya rasa gefe, sai ya ji tsayuwar kansa a gaban abin da ya fi shi girma. Ba a sayi ko ɗaya ba. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne yadda da yawa daga cikin 'yan'uwansa masu zane suka juya masa baya.

Sai ya kwashe kayansa daga ɗakin nunin ya koma gefe. Cikin 1952 gidan adana zanen zamani na New York ya shirya nunin masu fasaha 15 na Amurka, aka sa Jackson Pollock da Rothko da Still, shi aka tsallake shi. Ya ci gaba da aiki a ɗakinsa, zanuka suna jingine jikin bango ba mai tayawa. Cikin 1955 ya cika shekara 50, abin da ya sayar duk rayuwarsa bai taka kara ya karya ba. Cikin 1956 da 1957 bai yi zane ko ɗaya ba, kuma a ƙarshen 1957 ciwon zuciya ya kayar da shi. In muka koma ga littafinmu, daga rufe kamfani cikin 1937 zuwa wannan ciwo shekara 20 ke nan, a kan goman farko. Da a ce ajali ya zo masa a wannan jinya, da 'yan'uwa sun ce ga wanda ya bar sana'ar ubansa ya ƙare a banza, kuma ba wanda zai iya ƙaryata su.

A nan ne ya kamata mu yi tambayar da masu ba da irin wannan labari suka fi tsallakewa, watau duk wannan lokaci wa yake biyan kuɗin haya? Amsa ita ce matarsa, Annalee Greenhouse, wadda ya aura cikin 1936. Malamar makaranta ce, tana koyar da aikin sakatare. Daga wajejen 1947, sa'ad da ya daina koyarwa gaba ɗaya, albashinta ne ya riƙe gidan, shi ne abinci, shi ne haya, shi ne fenti da ƙyalle, har cikin shekarun 1960 da zanukan suka fara samun masu saye. Ba su haihu ba, wannan kuma ya rage musu nauyin da wani mai iyali ba zai iya saukewa ba. Bayan rasuwarsa ma ita ce ta adana takardunsa, ta kafa gidauniya da sunansa cikin 1979, ta kula da inda zanukan za su zauna, har ta rasu cikin 2000. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In da za a yi adalci, jarin wannan ciniki nata ne, kuma ta zuba shi ne da yardarta, idonta biyu.

Don mu ga muhimmancin wannan yarda, bari mu leƙa Faransa mu dubi wani da ya riga shi bin irin wannan hanya. Paul Gauguin dillalin hannun jari ne a birnin Faris, yana samun kuɗi sosai, yana zane a lokacin hutu. Da kasuwar ta faɗi cikin 1882 sai ya karkata ga zane baki ɗaya. Zanensa mai sura ne, amma yadda ya saki launi ya buɗe hanya ga na bayansa. Cikin 1885 ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu a birnin Kofenhagen na ƙasar Denmak, cikin 1891 ya tafi tsibirin Tahiti, ya mutu cikin 1903 a tsibiran Markesas, da ciwo da talauci. Matar ita ta yi ta fama da renon yaran da abin da take samu na koyar da Faransanci. Shi ma yau zanensa miliyoyi ne. Duka biyun mata ne suka ɗauki nauyi, amma ɗaya an yi shawara da ita, ɗayar kuwa an jibga mata ne aka yi gaba. Ni a wurina wannan bambanci ya fi na farashin zanukansu girma.

Mu koma ga Newman. Bayan ya tashi daga jinya sai al'amura suka fara juyawa. Cikin 1958 kwalejin Bennington ta shirya nunin ayyukansa, aka kuma sa shi cikin wani babban nunin sabon zanen Amurka da ya zaga birane takwas na Turai daga 1958 zuwa 1959. Cikin 1959 aka sake baje ayyukansa a New York, waɗanda aka yi wa ba'a shekara tara da suka wuce, sai ga sababbin matasa masu fasaha, irin su Frank Stella da Donald Judd, suna ɗaukarsa uba. Zanukan ba su sake ba, idon masu kallo ne ya sake. Cikin 1965 ya wakilci Amurka a babban nunin Sao Paulo na ƙasar Birazil, cikin 1966 kuma gidan adana fasaha na Guggenheim ya nuna wani jerin zanensa 14 na baƙi da fari, wanda ya fara tun tashinsa daga jinya. Ya zama sananne a birni, da gashin bakinsa da tabarau mai ido ɗaya da kwat mai kyau, kamar yadda ya dace da wanda ya san yadi. Ran 4 ga watan Yuli, 1970, ciwon zuciyar ya dawo ya ɗauke shi yana da shekara 65. Daɗin da ya ji bai wuce na shekara goma sha biyu ba.

Na san akwai mai karatu da zai ce, to, duk wannan mun ji, amma layi ɗaya a kan fenti ai kowa ma ya iya. Ba shi kaɗai ya faɗi haka ba. Cikin 1990 aka bayyana cewa gidan adana fasaha na ƙasar Kanada ya sayi wani zanen Newman, wanda fassarar sunansa ita ce Muryar Wuta, a kan kimanin dalar Kanada miliyan 1.8. Ratsi uku ne kawai a tsaye, shuɗi da ja da shuɗi, tsayinsu kusan ƙafa 18. Ƙasa ta ɗauki zafi, jaridu suka yi ta zanen ba'a, har wani ɗan majalisa ya ce in aka ba shi gwangwanin fenti biyu da abin shafa na masu fentin gida, cikin minti goma zai yi irinsa. Ba na ganin laifin mai tambaya a kan kuɗin jama'a, haƙƙinsa ne. Amma maganar minti goma ɗin nan an gwada ta a wani wuri, ba da niyya ba.

Cikin 1986, a gidan adana zanen zamani na birnin Amsterdam a ƙasar Holan, wani mutum ya zaro wuƙa ya yayyanka wani ƙaton zanen Newman, ja ne kusan dukansa, da ɗan shuɗi a gefe guda da siririn rawaya a ɗaya gefen. Aka aika da shi New York don gyara. Da ya dawo cikin 1991 sai rigima ta tashi, aka zargi mai gyaran da cewa ya bi jan filin ne da sabon fenti ya shafe, irin shafar bango. Waɗanda suka san zanen a dā suka ce jan nan mai zurfi, wanda Newman ya tara shafi bisa shafi har yana kamar motsi, ya mutu, ya zama jan ƙofar gareji. Launi ɗaya ne, girma ɗaya ne, wuri ɗaya ne, amma ido ya gane an sake hannu. Duk wanda ya taɓa riƙe rigar da aka yi wa aikin hannu da wadda aka yi wa na keke ya san abin da nake nufi. Mutumin nan mai wuƙa kuwa ya komo cikin 1997 ya yanka wani zanen Newman a gidan. Abin mamaki ne a ce fenti da layi, waɗanda aka ce ba su faɗi kome ba, su harzuƙa mutum har sau biyu.

To, jama'a, mu rufe littafin lissafi. An zuba shekara goma a shago, shekara ashirin a kwantai, albashin mace ɗaya na kusan shekara ashirin, da jarrabawar da aka faɗi, da abokan da aka rasa. Abin da aka samu shi ne zane ɗari da 'yan kai, da shekara goma sha biyu na girmamawa, da miliyoyin da suka tafi aljihun waɗansu. Ko an ci riba? In kuɗi ake nufi, Newman bai ci abin a zo a gani ba. In kuwa ana nufin mutum ya gano abin da yake ganin don shi aka yi shi, ya kuma yi shi har ya gama, to ya ci, kuma ya ci tun ranar da ya cika shekara 43, tun ba wanda ya taya. Sai dai mu tuna, a kowane Newman ɗaya akwai masu yawa da suka zuba irin wannan jari ba su fita ba, waɗanda ba mu san sunansu ba balle mu rubuta labarinsu.

Saboda haka ga matashin da yake zaune a shagon ubansa zuciyarsa tana wani wuri, ko zane ne, ko rubutu, ko wata fasaha, ba zan ce masa ya zauna ba, ba kuma zan ce ya tashi ba. Abin da zan ce shi ne ya yi lissafi da gaskiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya san shekara nawa zai iya jure kwantai, ya san wanda zai ɗauki nauyin gida, ya kuma tambaye shi tun kafin ya ɗora masa, ya saurari amsar ko da ba ta yi masa daɗi ba. Kada farashin gwanjo ya ruɗe shi, domin mai zanen bai gan shi ba. Iyaye kuma su tuna cewa wannan yaro bai gudu ba sa'ad da kamfanin ubansa yake nutsewa, ya tsaya har aka rufe ƙofa. Ɗan da ya sauke irin wannan nauyi, in ya zo yana neman a sa masa albarka ya bi tasa hanya, ya cancanci a zauna a saurare shi.

Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.